Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara manhajar firamare a kan darasin siffofi

Zuwa ga masu tsara manhajar karatun firamare, da masu tantance littattafan yara, da shugabannin kwalejojin horar da malamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna yi muku sannu da aiki. Allah ya ƙara muku basira a kan nauyin da ke wuyanku.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa malaman lissafi ne da malaman zane da aikin hannu, masu koyar da yara tun daga ajin share fage har aji shida. Muna magana a madadin abokan aikinmu, da kuma yaran da ba su da hanyar kawo kukansu gabanku. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne halin da darasin siffofi ya shiga. An mayar da shi haddar sunaye huɗu: da'ira, alwatika, murabba'i, murabba'i mai dari. An raba shi da ganye da fure da saƙar zuma, inda siffofin suke zaune tun asali. An kuma raba shi da darasin zane, inda hannun yaro zai ƙera su da kansa. Shi ma lokacin zanen, da zarar jarrabawa ta matso, shi ake fara yankawa a ba wa wani darasi.

Kukanmu na farko a kan hotunan cikin littattafai ne. A buɗe kusan kowane littafin lissafi na ƙananan azuzuwa, alwatika iri ɗaya za a tarar: gefunanta uku tsawonsu ɗaya, tana zaune daram a kan gindinta, tsininta yana kallon sama. Murabba'i kullum a miƙe yake, gefensa na ƙasa yana bin layin shafi. Yaron da ya shekara biyu yana kallon wannan, hoton yake hardacewa, sharaɗin siffar kuwa bai taɓa jin sa ba. Ga gwajin da kowannenku zai iya yi cikin minti ɗaya. A yanka murabba'i da kwali a ɗaga wa ɗan aji biyu, nan take zai faɗi sunansa. A murɗa kwalin nan a gaban idonsa har ya tsaya a kan kusurwa ɗaya, a sake tambayarsa. Da yawansu za su ce ai yanzu ba murabba'i ba ne, alhali kwalin bai bar hannun mai tambaya ba. A nuna masa alwatika doguwa siririya kamar kan mashi, zai ce ta cika tsini. A nuna masa wata siffa mai tsini a sama wadda gefunanta suka ɗan lanƙwasa, ko wadda layukanta biyu ba su haɗe a sama ba, sai ya karɓe ta hannu bibbiyu, don ta yi kama da ta littafi.

Masana sun daɗe da sanin wannan. Tun 1957 wasu malaman lissafi 'yan ƙasar Holand, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, suka bayyana cewa fahimtar siffofi hawa-hawa ce, har hawa biyar. A hawan farko kamanni yaro yake bi: wannan murabba'i mai dari ne don ya yi kama da ƙofa. A na biyu ya fara ƙirga gefe da kusurwa. A na uku yake gane dangantakar siffa da siffa. Abin da ya kamata ya tsaya muku a rai cikin bayaninsu shi ne, koyarwa ce take ɗaga yaro daga hawa zuwa hawa, yawan shekaru kaɗai ba ya yi. Yaron da aka bari a hawan farko zai shiga sakandare a nan, a ɗora masa kafa hujjar lissafi wadda aikin hawa na huɗu ce, sai ya koma haddar abin da bai fahimta ba. A 1999 Douglas Clements da abokan aikinsa a Amurka sun gwada ƙananan yara, suka tarar da'ira ce aka fi ganewa, sai murabba'i, alwatika da murabba'i mai dari kuwa su ne suka fi ruɗa su.

Maganin ba ya cin komai sai kwali da zare. Malami ya yanka katuna ashirin. Sha biyu alwatika ce iri-iri: siririya, faffaɗa, mai kusurwar digiri 90, wadda aka kifar, ƙarama ƙwarai, babba. Takwas kuma 'yan yaudara ne: mai gefe lanƙwasasshe, mai ɓaraka a kusurwa, mai kusurwa dagargajajjiya ba tsini, mai gefe huɗu da ta yi kamar kan kibiya. Yara su ware su kashi biyu, kuma duk katin da yaro ya ajiye a tambaye shi ta yaya ya sani. Amsar da ake nema ita ce gefe uku miƙaƙƙu, kusurwa uku, kuma a rufe ruf. Bayan haka a fita tsakar makaranta da igiya mai tsawon mita uku, a ƙulle bakinta biyu. Yara uku su riƙe ta su ja ta miƙe. Ɗaya ya matsa gaba, ɗaya ya ja baya, siffar tana ta sauyawa amma sunanta bai sauya ba. Na huɗu ya shigo ya ja igiyar waje, sai sunan ya sauya. 'Yan aji huɗu kuma a ba su tsinkaye masu tsawon santimita 5 da 7 da 15 a ce su haɗa alwatika. Za su yi ta fama ba za ta haɗu ba, domin 5 da 7 sha biyu ne, ba su kai 15 ba. Yaron da ya sha wannan wahala da yatsunsa ba zai mance cewa dole gefe biyu a haɗe su fi na uku tsawo ba.

Akwai kuma ma'anar da littattafai da yawa suke bugawa wadda daga baya sai an kankare ta daga kan yaro: wai murabba'i mai dari shi ne mai gefe biyu dogaye da biyu gajeru. Sharaɗinsa na gaskiya gefe huɗu ne da kusurwa huɗu masu digiri 90, don haka murabba'i ma ɗan gidan ne, sai dai gefunansa sun zo daidai. Sunan da muke kiran siffar da shi ma yana ɗan taimaka wa kuskuren, shi ya sa ya kamata littafi ya faɗi sharaɗin a fili.

Kuka na biyu shi ne an fara da takarda, an bar abin da hannu yake riƙewa. Jariri ƙwallo ya fara sani kafin da'ira, kwalin kaya kafin murabba'i. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara ya raɗa mata suna a 1840, da ƙwallayen zare shida ya fara kayan wasan da ya tsara, sannan ƙwallon katako da silinda (siffar gwangwani) da kiyub (siffar kwali mai fuska shida, kowacce murabba'i), sannan kiyub da aka raba ƙanana takwas. Shahararren mai zanen gine-ginen nan na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya sha faɗin cewa waɗannan katakai da mahaifiyarsa ta saya masa yana yaro sun yi tasiri a aikinsa. Manhajar da ta tsallake wannan mataki ita take haifar da yaron da zai kira ƙwallo da'ira, ya kira kiyub murabba'i, malami kuma ya ce masa daidai ne. Gyaran mai sauƙi ne. A tara gwangwanaye da kwalaye da mazurari da ƙwallo. A shafa wa fuska ɗaya fenti a danna a takarda: gindin gwangwani zai bar da'ira, in kuma aka shafe jikinsa aka mirgina shi sau ɗaya cak zai bar murabba'i mai dari, abin da yake ba yara mamaki ƙwarai. Fentin ya zama mai kauri, in ya yi ruwa zai malale ya ɓata kusurwoyin da ake son a gani. A warware kwali ta wajen da aka liƙe shi a shimfiɗa, yara su ƙirga fuskokinsa shida su sake naɗe shi. Kiyub yana da hanyoyi 11 na shimfiɗawa, kuma neman su duka aikin da zai cinye wa 'yan aji biyar darasi guda ne suna murna.

Kuka na uku, wanda ya fi ci mana rai, shi ne yadda aka mayar da darasin zane shafa launi a cikin layin da wani ya riga ya zana. Yaro bai auna komai ba, bai yanke shawarar komai ba, an dai ce kada ya fita layi. Alhali masu zane na gaske da siffofi suke tunani. A wata wasiƙa ta 1904 Paul Cézanne na Faransa ya shawarci wani matashin mai zane da ya riƙa kallon halitta ta fuskar silinda da ƙwallo da mazurari. Henri Matisse, da rashin lafiya ta hana shi tsayuwa gaban allon zane a ƙarshen rayuwarsa, almakashi ya ɗauka yana yanka takardu masu launi yana jerawa. Ɗan shekara shida zai iya yin wannan aiki: takarda mai launi uku, almakashi mara tsini, gam, a ce ya fitar da tsuntsu ko dodon koɗi ba tare da fensir ba. Sharaɗi ɗaya ne, ya jera yankakkun ya motsa su har ya gamsu kafin ya taɓa gam, don yawancin yara liƙawa suke fara yi sannan su yi tunani.

Ga darasin da muke ganin bai kamata yaro ya gama firamare bai yi shi ba. A buɗe kamfas santimita 4, a zana da'ira a tsakiyar takarda. Ba tare da an taɓa buɗewar ba, a kafa tsinin kamfas a kan layin da'irar a zana wata. Inda sabuwar ta yanke ta farko a sake kafawa a zana, haka har sau shida. Da'ira ta shida za ta dawo daidai inda aka faro, fure mai kunne shida ya bayyana a tsakiya. A haɗa wurare shidan da rula a samu siffa mai kusurwa shida. A haɗa su ana tsallake ɗaya a samu alwatika biyu da suka sarƙe suka zama tauraro. Idan ta shidan ba ta dawo gida ba, cikin abu huɗu ɗaya ne: wuyan kamfas ya yi sako-sako yana buɗewa, ko fensir ya dakushe layinsa ya yi kauri, ko takarda tana zamewa don ba a sa kwali a ƙarƙashi ba, ko yaro ya riƙe ƙafar kamfas maimakon kansa. Kuskuren milimita ɗaya a kowane kafi ya zama milimita shida a ƙarshe, ido kuma zai gan shi. Inda babu kamfas, ko ga yaran da ba su kai a ba su abu mai tsini ba, a yi shi a ƙasa da turke da igiya mita ɗaya da rabi da sanda. Igiyar ta zama marar talewa, madaukinta a jikin turke ya zama sako-sako don kada ta nannaɗe ta gajarce, sandar kuma a riƙe ta a tsaye cak.

Daga wannan fure ne adon gine-ginen Musulunci da yawa ya tsiro. Tun ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta wa masu sana'ar hannu littafi a Bagadaza a kan yadda ake fitar da siffofi da rula da kamfas. Bangon fadar Alhamra da ke Granada a ƙasar Sifen cike yake da irin wannan ado, kuma shi M. C. Escher na Holand ya je ya kwafa a 1922 da 1936, daga baya ya mayar da siffofin tsuntsaye da kifaye masu shiga juna ba ɓaraka. Yaro zai iya bin sawunsa: ya yanka murabba'in kwali mai santimita 6, ya gutsure wani ɓangare daga gefen hagu, ya zame da shi miƙe ya liƙa a gefen dama. Sabuwar siffar za ta jeru ta rufe takarda duka. In ya juya gutsuren ko ya liƙa shi sama ko ƙasa da inda ya fito, ba za ta jeru yadda ta jeru da farko ba, kuma gano dalilin shi ne rabin darasin.

Batun jeruwa shi zai kai mu ga kuka na huɗu, wato yadda ake kawo misalan halitta. Littafi zai ce rana da'ira ce, dutse alwatika ne, shi ke nan an gama da halitta. Wannan ragwanci ne, kuma rana ma ƙwallo ce. Ga abin da za a iya yi da saƙar zuma kaɗai. A ba kowane rukuni na yara yankakkun kwali goma sha biyu na kowace siffa mai gefuna daidai: mai uku, mai huɗu, mai biyar, mai shida. A ce su rufe tebur ba ɓaraka ba hawa kan juna. Uku za su yi, mai kusurwa biyar za ta ƙi. Dalilin lissafi ne da ɗan aji biyar zai iya bi: kewayen ɗigo ɗaya digiri 360 ne. Kusurwar alwatika 60 ce, shida sun cika. Ta murabba'i 90, huɗu sun cika. Ta mai shida 120, uku sun cika. Ta mai biyar kuwa 108 ce, uku sun ba da 324, saura 36 da babu mai cike shi, ta huɗu kuma ba ta da wurin shiga. A kula, dukkan yankakkun a fitar da su daga samfuri ɗaya mai tauri. In ana kwafar wannan daga wancan, girma yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har masu jeruwar ma su ƙi, yara su ɗauki darasi a juye.

To, me ya sa saƙar zuma ta zo da shida? A ɗauki fili mai faɗin santimita murabba'i 100. In alwatika ce, bangon da zai kewaye shi kusan santimita 45.6 ne. In murabba'i ne, 40. In mai kusurwa shida ce, kusan 37.2. Da'ira ta fi su duka tsimi, kusan 35.4, amma da'irori ba sa jeruwa sai da ɓaraka. A yanka zare a waɗannan tsawo huɗu a jera su gefe da gefe, yaro ya ga da idonsa wace siffa ce ta fi rage kaki. Pappus na Iskandariya ya yi magana a kan wannan tun ƙarni na 4, amma cikakkiyar hujjar cewa babu wata rabawa da ta fi ta tsimi sai a 1999 Thomas Hales ya kafa ta. Ko wannan kaɗai ya isa a gaya wa yaro, cewa tambayar da yake riƙe da ita a hannu ta jira amsa sama da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar. A ƙara da marafan kwalba bakwai masu girma ɗaya: a sa ɗaya a tsakiya, shida ne cif za su kewaye shi. A ƙara da kumfa: ruwan sabulu a faranti mai faɗi, a hura da bututun roba a hankali har kumfa ta cika, a ɗora gilashi ko roba mai gani-har-hanji a kai. Bangayen kumfar uku-uku suke haɗuwa, kusurwa 120 tsakaninsu. Ga 'yan ƙasa da shekara shida a huda bututun ɗan rami kusa da baki, don zuƙa suke yi maimakon hurawa.

Sauran abubuwan da ke jiran yaro a waje suna da yawa. Ganye: a kife shi jijiyoyinsa suna sama, a rufe da takarda marar kauri, a goga da gefen kalar kaki a kwance, reshe da rassansa su fito. A kafa ɗan madubi a kan jijiyar tsakiya a ga ko rabi da hotonsa sun ba da ganyen. Wani zai bayar, wani ba zai bayar daidai ba, kuma a bar yaro ya rubuta abin da ya gani. Haka fiffiken malam-buɗe-littafi. A dawo aji a naɗe takarda a nemi layukan da ke raba siffa gida biyu masu rufe juna: murabba'i huɗu, alwatika mai gefuna daidai uku, murabba'i mai dari biyu kacal. Kusan kowane yaro zai rantse layin da ya tashi daga kusurwa zuwa kusurwa ma yana ciki, sai ya naɗe ya ga kunnuwa biyu sun leƙo. Saƙar gizo-gizo kuma, in aka ce yara su zana ta da ka, da'ira cikin da'ira za su yi. In suka tsaya gaban ta gaske da sassafe raɓa tana kanta, suka bi zaren da ido, za su ga zare ne yake ta nannaɗewa a kan wasu da suka fito daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke. Gishiri ma yana da siffa. Ruwa mililita 100 yana narkar da kusan giram 36. A narka har ya ƙi ƙara narkewa, a tsiyaye garau ɗin kaɗan a baƙin faranti, a ajiye a inuwa kwana biyu ko uku ba a taɓa ba. Da gilashin ƙara girma za a ga ƙananan kiyub. In aka sa a rana ya bushe da gaggawa, ɓawon fari kawai za a samu.

A nan dole mu ja hankalinku ga ƙaryar da take shigowa littattafai daga intanet. Gaskiya ne cewa 'ya'yan da ke fuskar furen rana suna jeruwa a layuka masu lanƙwasa, wasu dama wasu hagu, kuma sau da yawa adadinsu yakan zo 21 da 34, ko 34 da 55, lambobi daga jerin da kowace lamba a cikinsa jimillar biyun da suka gabace ta ce, jerin da ake jingina wa Fibonacci na Italiya, wanda ya kawo shi a littafinsa na 1202. Sai dai akwai furannin da ba sa bin jerin, kuma yaron da ya ƙirga daidai ya samu wani adadi bai yi kuskure ba. Hanyar ƙirgawa ita ce a ɗauki hoto a buga shi babba, a yi wa layin farko alama, a ƙirga daga bakin waje, a sa ɗigo a kowane na goma. Abin da ba gaskiya ba shi ne hoton katantanwar notilus ta teku da ake mannawa a ce tana bin ma'aunin zinare, wato rabon 1 da kusan 1.618. Nannaɗewar ma'aunin zinare tana faɗaɗa kusan ninki bakwai a kowane zagaye, ta notilus kuwa kusan ninki uku. Rula kaɗai ta isa ta ƙaryata maganar. Littafin da ya koya wa yaro yarda da hoto mai kyau ba tare da awo ba ya rushe abin da darasin ya zo ginawa.

Kada a ɗauki duk wannan a matsayin wasa da ake yi in lokaci ya ragu. Iya juya siffa a zuci da hango yadda abu zai kasance in an naɗe shi ko an yanka shi, shi ne jarin injiniya da likitan tiyata da tela da kafinta. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 217, suka nuna cewa wannan basira tana ƙaruwa da horo, kuma ƙaruwar tana ɗorewa. Ga misali ɗaya da ya haɗa aji da titi: a yanka sillayen kwali masu tsawon santimita 15 da faɗin 2, a huda kowane baki santimita ɗaya daga ƙarshe, a ɗaure da zare. Uku sun ba da alwatika da ba ta motsi. Huɗu sun ba da murabba'i da yake kwantawa da zarar an taɓa shi. A gitta masa silli na biyar mai tazarar santimita 18.4 tsakanin hudojinsa, sai ya tsaya ƙyam. Daga ranar yaro zai riƙa ganin alwatika a gada, da ƙarfen rufin gini, da jikin keke.

Malamai kuma ba mu wanke kanmu ba. Da yawanmu an horar da mu ba mu taɓa riƙe kamfas a kwaleji ba, kuma mai koyarwa ba ya wuce abin da ya sani. Ita ma jarrabawa sunaye kawai take tambaya, malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa.

Saboda haka muna roƙonku, da girmamawa, abubuwa kamar haka. Kada ku amince da littafin lissafi na ƙananan azuzuwa sai kowace siffa ta zo aƙalla kala biyar a girma da juyi daban-daban, tare da 'yan yaudararta, kuma an rubuta sharaɗinta daidai. Ku sa siffofi masu jiki su riga na kan takarda a manhajar share fage da aji ɗaya. Ku kare lokacin zane a jadawali, a hana ara shi ga wani darasi, ku kuma ware darasi biyu a jere sau ɗaya cikin mako biyu wanda malamin lissafi da na zane za su shirya tare, domin minti talatin da biyar ba ya isar yanka da jerawa da tattaunawa da share aji. Ku rubuta a manhaja cewa kowane zango za a fita waje aƙalla sau biyu, kowane yaro da littafin zanensa, ya zana abin da ya gani ya ƙirga ya auna, tare da ka'idar cewa ganyen da ya faɗi ake tsinta, ba a taɓa gidan ƙwari mai rai, saƙar zuma kuma busasshiya malami zai kawo.

Muna roƙon kowane aji ya samu akwati ɗaya mai kamfas da rula da almakashi mara tsini na rabin yaran aji, don su yi aiki bibbiyu, da ƙananan madubai goma na roba, da gilashin ƙara girma biyar, da igiya. Sauran kayan, kwali da marafai da gwangwanaye, malami da yara za su tara. A kwalejojin horar da malamai kuwa, kada ɗalibi ya fita sai ya zana furen da'ira shida da hannunsa, ya jera siffofi ya bayyana dalilin ɓarakar digiri 36, ya kuma koyar da darasin ware katuna a gaban mai duba shi. Duk maganar da littafi zai yi a kan halitta a sa wanda ya san fannin ya tantance ta kafin bugu. A jarrabawa kuma, kusa da tambayar sunan siffa, a ƙara layi ɗaya da maki nasa: ta yaya ka sani?

A shirye muke mu zauna da kwamitocinku, mu kawo katunan da igiyar da sillayen kwalin, a gwada su a kan teburinku kafin a rubuta komai a manhaja.

Mun gode da sauraro. Allah ya taimake ku.

Naku,
Wasu malaman lissafi da na zane na makarantun firamare